Shin da gaske kuɗin ƙwaya ne ke riƙe da bankunan duniya?

Tambaya: Na ji ana cewa kuɗin masu safarar miyagun ƙwayoyi ne ya ceci manyan bankuna lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 2008. Da gaske ne? Kuma ta yaya irin wannan kuɗi ke shiga banki da duk tsaron da ake cewa akwai?

Malam, maganar da ka ji tana da tushe. Wanda ya faɗe ta shi ne Antonio Maria Costa, wanda a lokacin yake shugabantar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuka. A Disambar 2009 ya shaida wa jaridar Observer ta Birtaniya cewa a tsakiyar rikicin 2008, sa'ad da bankuna suka daina ba juna rance saboda kowa na tsoron kowa, kuɗin 'yan ƙwaya ne kaɗai tsabar da wasu bankuna suka iya samu. Ya ƙara da cewa mafi yawan ribar ƙwaya, wadda ya ƙiyasta ta kai dala biliyan 352, ta wannan hanya ta shige cikin tattalin arziki. Sai dai bai ambaci sunan banki ko ɗaya ba, bai kuma ambaci ƙasa ba.

Na daɗe ina aikin sa ido kan shige da ficen kuɗi a asusun banki, kuma abin da na fahimta shi ne mutane sun juya maganar. Ba na musun cewa wani banki da ruwa ya kai masa wuya a 2008 ya karɓi kuɗin da a da zai ƙi. Amma ka auna girman abin. Gwamnatin Amurka kaɗai ta ware dala biliyan 700 a Oktoban 2008 don ceto bankunanta, ban da abin da manyan bankunan ƙasashe suka zuba. A kasuwar canjin kuɗaɗe ta duniya, bisa ƙididdigar 2022, ana juya kimanin dala tiriliyan 7.5 a rana ɗaya. Ribar ƙwaya ta shekara guda ba ta kai hada-hadar wuni ɗaya ba a wannan kasuwa. Bankunan duniya za su rayu ko da an daina sayar da ƙwaya gobe. Fataucin ƙwaya ne ba zai rayu ba in babu banki, kuma wannan ne ya sa laifin banki yake da nauyi. Ɓarawon zaune ba sai ya dogara da kayan sata kafin ya ci abinci ba, amma in ba don shi ba ɓarawon tsaye ba shi da inda zai kai.

Kafin ka gane yadda kuɗin ke shiga, sai ka fara gane wahalar da mai kuɗin yake ciki. Ana sayar da hodar iblis da sauran ƙwayoyi a titi da ƙananan takardu, 'yan dala 5 da 10 da 20. Kowace takardar dala nauyinta giram 1 ne. Dala miliyan 1 a 'yan dala 20 takarda 50,000 ce, wato kilo 50. Sau da yawa kuɗin da aka samu ya fi ƙwayar da aka sayar nauyi da cin wuri. Wanda ya san yadda zai tsallake da kayansa iyaka, sai ga shi da wani kaya mafi nauyi da dole ya mayar da shi baya. A Maris 2007 jami'an tsaro sun shiga gidan Zhenli Ye Gon a birnin Meziko, ɗan kasuwar da ake zargi da shigo da sinadaran haɗa ƙwaya, suka tarar da tsabar kuɗi fiye da dala miliyan 200 a jibge, nauyinsu ya haura tan biyu. Kuɗi a wannan hali bala'i ne ga mai shi. Ba ya sayen jirgi, ba ya sayen gida a wata ƙasa, ruwa na iya ɓata shi, yaransa na iya sace shi. Wannan ne ma ya sa masu laifi suka ƙaunaci takardar yuro 500, don miliyan 1 a cikinta bai wuce kilo biyu da 'yan kai ba, har Babban Bankin Turai ya daina fitar da ita a 2019.

A wajen koyar da ma'aikata muna raba halasta kuɗin haram gida uku: shigar da tsabar cikin tsarin banki, sai juya ta daga asusu zuwa asusu da ƙasa zuwa ƙasa har sawu ya ɓata, sai dawo da ita a matsayin ribar kasuwanci ko kuɗin gida ko jari. Rabon yana taimakawa, amma a aikace matakin farko ne mai haɗari ga mai laifi. Da zarar tsaba ta zama lamba a kwamfutar banki, to an ci rabin yaƙi.

A farkon zamanin hodar iblis a Amurka ko ɓoyewa ba a yi sosai. A ƙarshen shekarun 1970 mutane na shiga bankunan Miyami da jakunkuna cike da kuɗi, har reshen babban bankin Amurka da ke can ya riƙa tara rarar tsabar biliyoyin daloli alhali sauran rassa na neman ƙari. Akwai doka tun 1970 da ta ce a kai rahoton duk tsabar da ta wuce dala 10,000, amma bankuna da yawa ba su damu da ita ba, masu laifi kuma suka koyi raba kuɗin ƙanana-ƙanana a hannun yara da yawa, kowa ya zuba ƙasa da adadin. Sai a 1986 Amurka ta mai da halasta kuɗin haram laifi mai zaman kansa. A 1988 aka sa hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a Biyenna, a 1989 kuma ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki suka kafa hukumar FATF mai yaƙi da halasta kuɗin haram, wadda shawarwarinta 40 suka zama ma'aunin da ake auna kowace ƙasa da shi har yau. Duk tambayoyin da banki ke yi maka kafin ya buɗe maka asusu, daga nan suka samo asali. Yaƙi da kuɗin ƙwaya ne ya haife su, kafin a faɗaɗa su zuwa ta'addanci da cin hanci.

Bankin da aka fi tunawa da shi a wancan zamani shi ne BCCI. Wani jami'in kwastan na Amurka, Robert Mazur, ya yi shigar burtu a matsayin mai wanke wa 'yan ƙwayar birnin Medellin na Kolombiya kuɗi, manyan ma'aikatan bankin suka yi hulɗa da shi da saninsu, aka kama su a birnin Tampa na Amurka a 1988. An rufe bankin a Yulin 1991. Amma BCCI banki ne da ya ruɓe tun daga sama. Abin da ya fi damuna shi ne bankunan da ba wanda zai kira su na 'yan daba, masu suna da daraja, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya.

A Afrilun 2006 sojojin Meziko suka kama wani jirgin sama ƙirar DC-9 a Ciudad del Carmen ɗauke da hodar iblis tan 5.7. Da aka bi sawun kuɗin da 'yan safara ke sayen jirage da su, sai aka iske sun bi ta hannun 'yan canjin Meziko masu asusu a bankin Wachovia na Amurka. A Maris 2010 bankin ya amince cewa tsakanin 2004 da 2007 bai sa ido yadda ya kamata ba kan dala biliyan 378.4 da suka ratsa ta waɗannan asusu. Kada ka ɗauka duka kuɗin ƙwaya ne, kamar yadda wasu ke rubutawa. Mafi yawansu na iya zama halal, na 'yan ci-rani da 'yan kasuwa. Laifin shi ne ba wanda ya duba, don haka ba wanda ya san ko nawa ne na haram. An ci bankin tarar dala miliyan 160. Akwai wani ma'aikacinsu a Landan, Martin Woods, tsohon ɗan sanda, wanda ya yi ta kai rahoton abin da yake gani, kamar takardun cek masu jerin lamba ɗaya da rubutun hannu iri ɗaya. Maimakon a gode masa sai aka matsa masa, daga baya ya bar aikin. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan kujera ya san nauyin kallon da ake yi maka in ka tsayar da cinikin da ke kawo wa reshe riba.

Labarin HSBC, babban bankin Birtaniya, ya fi wannan bayyana yadda abin yake aiki. Bankin ya sayi wani bankin Meziko a 2002, ya gaje shi da duk raunin da ke cikinsa. Reshen HSBC na Amurka ya sanya Meziko a rukunin ƙasashe mafi ƙarancin haɗari, a daidai lokacin da ake kashe dubban mutane a can kan fataucin ƙwaya. Sakamakon wannan rukuni shi ne kwamfutar sa ido ba ta tace yawancin kuɗin da ke fitowa daga can ba, fiye da dala biliyan 670 na turawa ta waya. A 2007 da 2008 reshen Meziko ya yi jigilar tsabar dala biliyan 7 zuwa Amurka, fiye da bankunan da suka fi shi girma a ƙasar. Kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata Carl Levin ya gano cewa reshen na Meziko yana da asusu kimanin 50,000 da sunan wani reshe a tsibiran Cayman wanda ba shi da ofis ba shi da ma'aikaci ko ɗaya a can. Masu kawo kuɗin sun saba har sun ƙera akwatuna daidai faɗin tagar mai karɓar kuɗi, don su shige ba tare da ɓata lokaci ba. A Disambar 2012 bankin ya amince cewa aƙalla dala miliyan 881 na ƙungiyar 'yan ƙwaya ta Sinaloa a Meziko da ta Norte del Valle ta Kolombiya sun bi ta cikinsa, ya biya dala biliyan 1.9.

Adadin na da girma a kunne, amma ribar kusan mako biyar ce ta bankin a wannan shekara. Ba a gurfanar da babban jami'i ko ɗaya ba. An jingine tuhumar na shekara biyar bisa sharaɗin gyara hali, aka janye ta da wa'adin ya cika a ƙarshen 2017. A Maris 2013 ministan shari'a na Amurka, Eric Holder, ya faɗa wa 'yan majalisa cewa girman wasu bankuna yana sa gurfanar da su ya yi wuya, don tsoron abin da zai biyo baya a tattalin arziki. To ka ga amsar tambayarka ta fito ta wata fuska. Matsayin banki a tattalin arzikin duniya shi ne ya zama garkuwarsa. Yaron da aka kama da 'yan giram a aljihu yana shekaru a kurkuku, wanda ya buɗe wa miliyoyi ƙofa kuma ya koma gida da albashinsa. Wannan rashin adalci yana ci mini rai, kuma ba na jin akwai hujjar tattalin arziki da za ta wanke shi.

Za ka ce ai wannan tsohon labari ne. A Oktoban 2024 bankin TD, reshen Amurka na wani babban bankin Kanada, ya amsa laifi a kotu ya biya kimanin dala biliyan 3. Wani mutum mai suna Da Ying Sze ya wuce da fiye da dala miliyan 470 ta rassan bankin, wani lokaci yana zuba tsabar da ta haura miliyan 1 a rana guda, yana raba wa ma'aikata katunan kyauta da jimillarsu ta wuce dala 57,000. Masu gabatar da ƙara sun ce daga 2018 zuwa 2024 kashi 92 cikin 100 na hada-hadar bankin ba ta bi ta tacewar kwamfuta ba, saboda shugabanni sun ƙi ƙara kasafin sashen sa ido alhali bankin na ta girma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan da gangan aka bar tsagar don gyaranta na cin kuɗi. Wani abu ɗaya ya bambanta hukuncin TD: an ƙayyade wa reshen nasa na Amurka iyakar kadarorin da zai iya mallaka. A ganina wannan ya fi tarar ciwo, don tara ana biya a wuce, hana girma kuwa yana taɓa masu hannun jari da shugabanni kai tsaye.

Sai dai kada ka zaci duk kuɗin ta tagar banki yake shiga. Hanyar da ta fi wuyar kamawa ita ce wadda kuɗin ba ya tsallake iyaka ko kaɗan. 'Yan Kolombiya ne suka ƙware a kanta tun shekarun 1980. Mai ƙwaya yana da daloli a Amurka, yana son kuɗin ƙasarsa a gida. Ɗan kasuwa mai shigo da kaya a Kolombiya yana da kuɗin ƙasar, yana son daloli don ya biya kamfanin da zai sayar masa da firiji ko tufafi ko kayan gyaran mota. Dillali ya shiga tsakani: ya karɓi kuɗin ɗan kasuwa ya ba mai ƙwaya a gida, ya ɗauki dalolin ƙwaya ya biya kamfanin a Amurka. Kaya suka hau jirgin ruwa da takardunsu cikakku. Bankin da ya ga wannan ciniki zai ga kuɗin kaya ne kawai. A Satumbar 2014 jami'ai kusan 1,000 suka kai samame unguwar masu sayar da tufafi a Los Angeles kan irin wannan harka. Ana kuma wasa da takardun farashi, a rubuta kayan dala dubu goma a matsayin na dubu ɗari, bambancin ya zama hanyar fitar da kuɗi.

A shekarun nan dillalai 'yan ƙasar Sin sun karɓe babban kaso na wannan aiki, kuma dalilin yana koyar da darasi kan yadda dokar wata ƙasa ke buɗe ƙofa a wata. Gwamnatin Sin ta ƙayyade wa kowane ɗan ƙasa canjin dala 50,000 a shekara. Attajirin da ke son sayen gida a Amurka ko Kanada, ko biyan kuɗin makarantar ɗansa, yana neman daloli a waje ido rufe. 'Yan Sinaloa kuma suna da dalolin cinikin ƙwayar fentanil jibge a biranen Amurka. Dillali ya karɓi tsabar ya sayar wa attajirin, attajirin ya tura kuɗin Sin daga asusunsa zuwa wani asusu a cikin Sin, da wannan kuɗin a sayi kaya ko sinadarai a aika Meziko, 'yan ƙwaya su karɓi nasu a gida. Tunda dillalin yana cin riba a wurin attajirin, kamashon da yake karɓa a hannun 'yan ƙwaya ya faɗi ƙasa ƙwarai, har tsofaffin dillalai suka kasa gogayya da shi. A Bankuba ta Kanada gidajen caca ne suka zama mahaɗa, ana shigo da jakunkuna cike da 'yan dala 20, lamarin da ya kai ga kafa kwamitin bincike na Cullen wanda ya fitar da rahotonsa a 2022. Kuɗin kirifto ma ya shigo, musamman nau'in da darajarsa ke daidai da dala, amma shi ma a ƙarshe sai ya nemi ƙofar komawa kuɗin da ake sayen gida da shi.

To duk wannan tsaro da ake kashe wa biliyoyi, me yake kamawa? Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2011 ya ƙiyasta cewa a 2009 an halasta kimanin dala tiriliyan 1.6 na kuɗin laifuka iri-iri, wato kashi 2.7 cikin 100 na arzikin da duniya ta samar a shekarar, kuma abin da hukumomi ke kamawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ƙiyasi ne, don mai laifi ba ya kai wa kowa lissafi, amma ko an ninka abin da ake kamawa sau biyar, ƙanƙani ne. Dalilin da na gani da idona shi ne tsarin ya koma cika takarda. Banki ya ga abin zargi, ya rubuta rahoto ya aika wa hukuma, ya sauke nauyi a idon doka, ya ci gaba da tura kuɗin yana karɓar ladansa. Hukuma kuma rahotanni miliyoyi ne ke zuwa mata a shekara, ma'aikatanta ba su isa karanta su ba. Takardun da suka fallasa a 2020 daga FinCEN, hukumar Amurka mai karɓar irin waɗannan rahotanni daga bankuna, rahotanni fiye da 2,100 kan hada-hadar da ta haura dala tiriliyan 2, sun nuna haka ƙarara: sau da yawa rahoton na zuwa ne watanni ko shekaru bayan kuɗin ya wuce.

Akwai kuma waɗanda ke biyan kuɗin sabulu ba su ci ba su sha ba. Bayan manyan tarar da aka ci, bankuna suka fara lissafi: wane abokin hulɗa ne ribarsa ba ta kai haɗarinsa ba? Attajiri mai kamfanoni goma a tsibirai yana kawo riba, yana da lauyoyi, takardunsa tsaf. Ƙaramin kamfanin da 'yan ci-rani ke aika wa iyayensu kuɗi ta hannunsa ba ya kawo komai sai ciwon kai. A 2013 bankin Barclays ya sanar da rufe asusun kamfanonin aika kuɗi da dama a Birtaniya, ciki har da waɗanda Somaliyawa suka dogara da su, a ƙasar da miliyoyi ke rayuwa da abin da 'yan uwa ke turowa. Ƙananan bankuna a tsibiran Karibiyan da na Fasifik sun rasa manyan bankunan da ke wuce musu da dala. Kuɗin talaka ya koma hannun masu ɗauka a jaka, inda ba mai ganinsa, wanda shi ne ainihin abin da dokar ta zo hanawa.

In ka tambaye ni inda gyara zai yi tasiri, wuri biyu nake kallo. Na farko, a riƙa kama mutum da sunansa, shugaban da aka kai wa gargaɗi a rubuce ya kau da kai, don tarar da kamfani ke biya daga aljihun masu hannun jari take fita. Na biyu, a san ainihin mai kowane kamfani. Matakin ɓatar da sawu gaba ɗayansa a kan kamfanonin bogi yake tsaye, waɗanda lauyoyi da akantoci ke buɗewa da sunan wani, kuma ba a tsibirai kaɗai suke ba, wasu jihohin Amurka da Birtaniya kanta sun daɗe cikin wuraren da suka fi sauƙin buɗe su. Birtaniya ta buɗe rajistar masu mallakar kamfanoni a 2016, amma shekaru da yawa ba a tantance abin da mutane ke rubutawa a ciki. Amurka ta kafa tata dokar a farkon 2021, aka fara karɓar bayanai a Janairun 2024, sai a Maris 2025 ma'aikatar kuɗin ƙasar ta cire kamfanonin cikin gida daga wajibcin bayyana masu su, ta bar dokar a kan kamfanonin waje kawai.